Ledar Maganin Baba: Magunguna da Ciwon Nimoniya a Tsakanin Tsofaffinmu

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da Zumuntar Mata na ikkilisiyoyinmu da ke Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Sannunku da zuwa, musamman ku da kuka taso daga Shinkafi da Zurmi, domin mun san halin da hanya take ciki, mun kuma san ba kowa ne ya baro gida yau da kwanciyar hankali ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An roƙe mu mu yi magana a kan lafiyar tsofaffinmu kafin hunturu ya kankama. Bari mu faɗa tun da fari cewa mu ba likitoci ba ne, makarantar tauhidi muka yi. Amma aikin kiwon jama'a ya shigar da mu ɗakunan marasa lafiya da yawa, ya kuma tsayar da mu a bakin kaburbura da yawa. Abin da za mu faɗa mun zauna a kansa da nas-nas da masu haɗa magani da ke cikin ikkilisiyoyinmu, sun kuma gyara mana inda muka yi kuskure. Maganar ɗaya ce: wasu magungunan da muke ba iyayenmu saboda ƙauna, su ne suke buɗe wa ciwon nimoniya ƙofa, su kuma ɓoye ta har sai ta yi nisa.

Abin da muka gani da idonmu

Akwai wani Baba a ikkilisiyarmu ta Ƙaura, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da suka zo garin nan suna samari, suka tsufa a nan. Ya haura shekara tamanin. Wani hunturu muka yi Lahadi biyu ba mu gan shi a sujada ba, sai muka je gida. Mama ta ce mana babu zazzaɓi, tarin ma ba shi da yawa, sai dai barci da rana, ga ƙin abinci, kuma tun jiya yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wasu maƙwabta suka ce tsufa ne ya zo. Wasu suka ce a ƙara addu'a, akwai hannu a ciki.

Allah ya sa muna tare da wata 'yar'uwa nas. Ta ɗaga agogonta, ta zuba ido a ƙirjin Baba, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ta samu 34. Ta ce a nemo mota yanzu, kada a jira gobe. A asibiti aka ce nimoniya ce, ta kama ɓangare ɗaya na huhu, aka tura mu Gusau saboda yana bukatar iskar taimakon numfashi.

A can likita ya ce a kawo masa duk abin da Baba yake sha. Mama ta miƙa baƙar leda, aka zazzage a kan tebur. Iri tara. Maganin hawan jini daga asibiti. Maganin olsa da 'yarsa ta aiko daga Kaduna, ya fi shekara yana sha kullum. Ƙwayar barci daga wani kemis. Haɗin ciwon gwiwa da aka saya a kasuwa, ƙwayoyi huɗu a ƙulle ba suna, likita ya duba ya ce akwai deksa da tiramol a ciki. Maganin mura. Sai kwalbar maganin tari. 'Yan'uwa, wannan kwalbar mu ne muka kai ta, mu 'yan ziyara na ikkilisiya, sati biyu kafin nan, tare da sabulu da sukari.

Baba ya tashi, ya ƙara shekaru tare da mu. Amma abin da likitan ya faɗa mana ya zauna a ranmu. Ya ce kowa ya kawo nasa da kyakkyawar niyya, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya kawo, kuma duka a jiki ɗaya suka haɗu.

Masu gadin huhu

Nimoniya, wadda wasu suke kira sanyin haƙarƙari, ciwo ne da ƙwayoyin cuta suke shiga can cikin huhu, ruwa da mugunya su cika wuraren da iska ya kamata ta shiga. Mun saba jin ta a kan yara, kuma gaskiya tana kashe yara ƙwarai. Amma lissafin mace-mace na duniya na shekarar 2019 ya nuna cewa ta kashe mutum kusan miliyan biyu da rabi, kuma sama da miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan shekara 70 ne zuwa sama.

Da yawa muna zaton sanyi ne kawai yake kawo ta. Sanyi da ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna raunana ƙirji, wannan haka ne. Amma ga tsoho, ƙwayoyin cutar sau da yawa daga bakinsa suke gangarawa. Mahalicci ya sa wa huhu masu gadi domin hana wannan. Na farko haɗiya: duk lokacin da muka haɗiye abu, akwai ɗan murfi a maƙogwaro da yake rufe hanyar iska. Na biyu tari: idan wani abu ya kuskure ya bi hanyar iska, mutum ya ƙware, tari ne yake fito da shi. Na uku miyau, wanda yake wanke baki dare da rana. Na huɗu tsamin da ke cikin ciki, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta da yawa da muka haɗiya. Na biyar garkuwar jiki, wadda take yaƙar duk abin da ya tsallake sauran.

Tsufa da kansa yana rage ƙarfin waɗannan masu gadi. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon mantuwa, ko mai ciwon suga, nasa sun fi rauni. Tsoho yana iya ƙwarewa da miyaunsa cikin barci ba tare da ya yi tari ko sau ɗaya ba. Ga shi kuma hanta da ƙodar tsoho ba sa fitar da magani da sauri kamar na saurayi. To, idan aka ƙara wa irin wannan jiki maganin da yake sa masu gadi gyangyaɗi, kun ga inda za a kwana.

Magungunan da ya kamata mu sani

Na ɗaya, ƙwayoyin barci da na kwantar da hankali, irin su Valium da Lexotan. Mun san dalilin da ya sa ake shan su. Wanda ya kwana yana jin harbi, ko aka taɓa ɗauke masa ɗa, barci ba ya zuwa masa da sauƙi. Amma waɗannan ƙwayoyi suna nauyaya barci har haɗiya da tari su yi sanyi. Masana sun auna cewa a jikin mai shekara 20, rabin ƙwayar Valium yana fita cikin kamar awa 20, amma a jikin mai shekara 80 yana iya kai awa 90. Ke nan ta daren jiya ba ta fita ba aka ƙara ta yau. A ƙasar Finlan an bi diddigin tsofaffi kusan dubu hamsin masu ciwon mantuwa, aka buga sakamakon a shekarar 2017: masu shan irin waɗannan ƙwayoyi sun fi sauran kamuwa da nimoniya da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma haɗarin ya fi yawa a watan farko na fara sha.

Na biyu, tiramol da kodin. Muna yawan maganarsu a kan matasa. Mun tuna a watan Mayu na 2018, bayan rahoton BBC a kan shan kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Hukumar NAFDAC kuma ba ta amince da tiramol da ya wuce miligiram 50 da 100 ba, duk da haka ana samun mai ƙarfi fiye da haka a ɓoye. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, tsofaffi ma suna sha, saboda ciwon baya da gwiwa, kuma sau da yawa ba su san shi ne a cikin haɗin da aka ƙulla musu ba. Waɗannan magunguna suna danne tari, suna rage saurin numfashi, suna kawo magagi. Idan suka haɗu da ƙwayar barci, ko da barasa ga masu taɓawa, haɗarin ya ninku.

Na uku, deksa da firedinisolon da danginsu. Suna sa ciwon gaɓɓai ya lafa nan da nan, mutum ya ji daɗin jikinsa, ya ci abinci, shi ya sa masu haɗi suke son su. Amma idan aka daɗe ana sha, suna karya garkuwar jiki, suna tayar da suga da hawan jini, suna iya farkar da tarin fuka da ya kwanta, kuma suna ɓoye zazzaɓi. Akwai irinsu na shaƙa da ake ba masu asma da masu daɗaɗɗen ciwon ƙirji. Wani babban bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa masu daɗaɗɗen toshewar huhu da suke shaƙar irin wannan sun fi samun nimoniya. Duk da haka mai asma yana bukatar abin shaƙarsa. Abin da ake so shi ne ya kurkure baki bayan kowace shaƙa, ya kuma riƙa komawa wurin likita.

Na huɗu, maganin olsa da ƙwannafi, musamman omefirazol. Aikinsa rage tsamin ciki, kuma ga mai gyambon ciki na gaske magani ne mai amfani. Amma a wurinmu duk wanda cikinsa ya yi zafi sai a ce olsa ce, ya kama sha shekara da shekaru. A shekarar 2004 likitoci a ƙasar Holan suka buga binciken da ya nuna masu shan irin wannan magani sun fi waɗanda suka daina samun nimoniya, kusan ninki biyu. Masu bincike na baya sun nuna cewa wani ɓangare na wannan bambanci daga rashin lafiyar mutanen ne tun asali, ba daga maganin kaɗai ba. Inda likitoci suka haɗu shi ne, yawanci sati huɗu zuwa takwas ake ba da shi, kuma wanda ya wuce haka ya kamata a duba ko har yanzu yana bukata.

Na biyar, magungunan da suke busar da baki, irin su Piriton da Phenergan da yawancin magungunan mura da tari na kwalba. Suna sa barci, suna ƙafar da miyau, suna iya ruɗa tsoho. Bakin da ya bushe matattarar ƙwayoyin cuta ne, kuma abinci ba ya wucewa da sauƙi.

Na shida, magungunan taɓin hankali, irin su Largactil, da ake ba tsoho idan ya rikice yana faɗa ko yana yawo da dare. A shekarar 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan sababbin irin waɗannan magunguna ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, a 2008 ta haɗa da tsofaffin irin. Dalili shi ne an ga mace-mace sun ƙaru a cikin masu sha, yawanci ta ciwon zuciya ko nimoniya. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: rikicewar da ta zo wa tsoho farat ɗaya sau da yawa alamar ciwo ce a jiki. Idan aka ba shi abin da zai kwantar da shi, an rufe bakin mai kawo labari ne.

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. Tun shekarar 1991 wani likita a Amurka mai suna Mark Beers ya tsara jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar tana sabunta jerin, ta sake fitar da shi a 2023, kuma da yawa daga cikin waɗanda muka ambata suna ciki. Bambancinmu da su shi ne, a can sai da takardar likita ake samun yawancinsu. A nan kuwa, ko da yake lasisin mai kemis na ƙananan magunguna ne kawai, mun san abin da ake samu a bayan kanta da kuma a tiren 'yan talla ranar kasuwa.

Yadda take ɓuya a jikin tsoho

Saurayi idan ya kamu da nimoniya, jikinsa zai yi zafi, ya yi rawar sanyi, ya yi tari mai kaki, haƙarƙari ya riƙa sukarsa. Tsoho ba lallai ya nuna ko ɗaya ba, balle idan yana shan deksa ko maganin ciwon jiki da suke sauke zazzaɓi, ko abin da yake danne tari. Abin da za mu gani shi ne: ya rikice ko yana sambatu alhali jiya lafiyarsa ƙalau, barci ya yi masa yawa, ya ƙi abinci da ruwa, ya faɗi, ya kasa tashi daga inda ya saba tashi, fitsari ya kufce masa, numfashi ya yi sauri.

Numfashin nan shi ne abin da kowa zai iya aunawa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. A bar mutum ya huta, a duba agogo ko waya, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya wuce 24, a kai shi a duba shi a ranar. Idan ya kai 30, ko ya haɗu da rikicewa, ko leɓɓa da farce sun canja launi, wannan na gaggawa ne.

A yankinmu gaggawa tana da lokacinta. Dukanmu mun san cewa idan rana ta yi sanyi, ba mai son hawa hanyar Zurmi ko ta Shinkafi zuwa Ƙaura, balle a wuce Gusau inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke. Saboda haka a duba tsoho da safe, a yanke shawara da safe. Wanda ya ce bari mu ga zuwa yamma, a gaskiya ya ce sai gobe ne, kuma dare ɗaya yana da tsawo ga huhun da ya cika da ruwa. Kada kuma a saya masa kafso biyu ko uku a ce an yi magani. Wannan yana lafar da ciwon ne kawai, ya dawo da ƙarfi. Tarin da ya wuce sati biyu kuwa, a je a yi gwajin tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Abin da ba mu ce ba

Kada wani ya koma gida ya ce Fasto ya ce a zubar da magani. Ba mu faɗi haka ba. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci, idan ya yanke rana ɗaya, yana iya samun jijjiga kamar ta farfaɗiya. Wanda ya daɗe a kan deksa ko firedinisolon, idan ya tsaya farat ɗaya, jininsa yana iya faɗuwa har ya kai ga rasa rai. Irin waɗannan a hankali ake rage su, kuma ma'aikacin lafiya ne yake tsara yadda za a yi.

Maganin hawan jini da na suga da na zuciya da na farfaɗiya, a ci gaba da sha yadda aka rubuta. Akwai ma wani abin lura a nan. Wani maganin hawan jini da ake yawan bayarwa, lisinofiril, yana sa wasu busasshen tari. Sai iyali su ji Baba yana tari su sayo maganin tari, maganin tarin ya sa shi barci, a zo a ƙara wani a kai. Da an koma wurin wanda ya rubuta, zai iya canja masa wani. Haka magani yake haifar magani har leda ta cika.

Ba mu kuma ce duk mai kemis mugu ne ba. Da yawansu 'yan'uwanmu ne, wasu suna zaune a nan, kuma a ƙauyukan da ma'aikatan asibiti suka gudu saboda tsaro su ne suka rage wa jama'a. Roƙonmu gare ku shi ne, idan aka zo saya wa tsoho magani, ku tambayi abin da yake sha, ku rubuta sunan abin da kuka bayar, ku daina ƙulla haɗi ba suna, ku kuma san inda iyakarku take.

Abin da za mu yi

Na farko, leda ɗaya. Kowane gida mai tsoho ya tattara duk abin da yake sha a wuri guda: na asibiti, na kemis, na kasuwa, wanda 'ya'ya suka aiko, har da na gargajiya da jiƙo. Duk lokacin da za a je asibiti a tafi da ledar gaba ɗaya. Kada a ji kunyar nuna wa likita abin da aka saya a waje. A yi masa tambaya uku a kan kowane magani: na mene ne, har yaushe za a sha, kuma akwai wanda za a iya ragewa?

Na biyu, takarda ɗaya. A rubuta sunan kowane magani, da yawan da ake sha, da wanda ya bayar, da ranar da aka fara, a sa a cikin ledar. Muna cewa takarda, ba waya ba, domin ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan makonni da yawa. Iyayen da suka dogara ga kiran 'ya'yansu a Kaduna ko Inugu ko Ibadan domin su gaya musu yadda za su sha magani sun shiga uku. Haka kuma wanda ya bar gida cikin dare ba ya tsayawa neman katin asibiti, amma zai iya ɗaukar leda.

Na uku, mutum ɗaya. A kowane gida a san wanda yake ba Baba ko Mama magani. 'Ya'yan da suke nesa, Allah ya yi muku albarka saboda kulawarku, amma kafin ku ba direba saƙon magani ku yi magana da wannan mutum. In kuna da hali, kuɗin ganin likita ya fi kwalin ƙwaya amfani.

Na huɗu, zama a ci. Kada a ba tsoho kunu ko koko ko ƙwaya yana kwance, kada kuma a yi masa ɗura yana magagin barci. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan yana yawan ƙwarewa, ko muryarsa tana yin kamar akwai ruwa a maƙoshi bayan ya sha abu, a gaya wa likita.

Na biyar, tsabtar baki. Wannan kamar ƙaramin abu ne, amma a ƙasar Japan an gwada shi a gidajen kula da tsofaffi guda 11, aka buga sakamakon a 2002. Cikin shekara biyu, waɗanda ake goge musu baki bayan kowane cin abinci kashi 11 cikin ɗari ne suka kamu da nimoniya, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 19. Buroshi ko asuwaki da ruwa mai tsabta, safe da dare, har ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya. Mai haƙoran roba ya cire su kafin ya kwanta.

Na shida, hunturu. A rufe tsoho da bargo, amma kada a kai masa kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba. A riƙa fito da shi ya ɗan taka idan rana ta ɗaga, domin kwanciya kullum tana tara majina a ƙirji. Jika mai mura ya ɗan yi nesa da kaka har ya warke, a kuma riƙa wanke hannu. Iyaye mata, ku cika wa yara rigakafinsu. Tun ƙarshen 2014 Nijeriya ta fara sa allurar rigakafin nimoniya cikin na yara, kuma a ƙasashen da suka riga mu an ga cewa idan aka yi wa jikoki, kakanni ma suna samun sauƙi, domin yara ne suke yawan kawo ƙwayar cutar gida.

Na bakwai ya shafe mu a matsayin ikkilisiya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana tallafa wa asibitocin Shinkafi da Zurmi, musamman ɓangaren yara da masu tamowa, muna kuma godiya. Amma tsoho ba shi da mai bin sa gida, sai mu. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, matasa da yawa sun tafi, wasu iyalai sun ƙaura, an bar tsofaffi su kaɗai a ɗakunan haya. Saboda haka muna ba da shawara cewa 'yan ziyara su daina kai magani a matsayin kyauta. A kai abinci, a kai bargo, a kai sabulu da buroshi. Kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen tsofaffinta, ta nemi nas ko ma'aikacin lafiya ɗaya, a sa rana kafin sanyi ya yi tsanani, a ce kowa ya zo da ledarsa bayan sujada a duba. Ranar 12 ga Nuwamba ce ranar tunawa da ciwon nimoniya a duniya, Lahadin da ta fi kusa da ita ta dace da wannan aiki. Zumuntar Mata, ku ne kuka fi kowa shiga gidaje, muna roƙo kowace mace a cikinku ta koyi ƙirga numfashi kafin mu watse yau. 'Yan'uwanmu nas-nas suna nan za su nuna muku. Kuma abin da kuka koya ku gaya wa maƙwabtanku Musulmi, domin kemis ɗaya muke zuwa, kasuwa ɗaya muke ci, ciwon kuma ba ya tambayar inda mutum yake sujada.

Mu fastoci ma akwai namu. Idan aka kira mu cewa tsoho ya rikice, mu je, mu yi addu'a da dukan zuciya. Kafin mu fito kuma mu tambaya yaushe abin ya fara, mu duba numfashi, mu ce a nuna mana leda. Girmama iyaye da aka umarce mu ya haɗa da sanin abin da muke sa musu a baki.

Iyayenmu dattawa, ku yi mana haƙuri idan muka fara yi muku tambayoyi a kan abin da ke ƙarƙashin matashinku. Ba raini ba ne. Kun riƙe waɗannan ikkilisiyoyi a lokatai masu wuya, muna so mu ƙara shekaru muna ganinku a kujerun gaba.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya, ya kiyaye ma'aikatan lafiya da suke aiki a cikin haɗari, ya kuma ba jiharmu salama. Amin.